Ɗalibaina sun san sifofin Turanci, amma ba sa iya zaunar da su cikin jimla

Malamar Turanci, Ɗorayi

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina koyar da Turanci a ajin ƙarshe na wata sakandaren 'yan mata da ke Ɗorayi, kuma akwai matsalar da nake roƙon malamai, da duk wanda Allah ya ba sani a kanta, su taya ni dubawa tun kafin jarrabawar WAEC da NECO ta ƙarato. Ɗalibaina ba kalmomi suka rasa ba. Idan na ce a kawo mini sifofin Turanci, nan da nan za su cika allo da "beautiful" da "expensive" da "difficult" da "dangerous", kuma kowace yarinya za ta faɗi ma'anarsu da Hausa ba tare da gargada ba. Sai an zo sanya kalmar cikin jimla abin yake karkacewa.

Ga kaɗan daga abin da na tsinta a littattafansu na insha'i a wannan zangon. Wata ta rubuta "The exam has difficult", wata kuma "I have tired". Akwai wadda ta ce "My sister is more taller than me", da wadda ta ce "I am boring in the class" alhali nufinta darasin ne ya gundure ta. Na ga "She is good in cooking", na ga "a cotton white new hijab", sannan kusan dukansu suna rubuta "The soup is too sweet" idan suna son yabon miya. Yaran nan ba daƙiƙai ba ne, domin wasu daga cikinsu su ne kan gaba a lissafi da kimiyya. Ina gyarawa da jan biro, su kwafe gyaran, mako mai zuwa kuskuren ya sake dawowa a jikin wata kalmar.

Tambayata ita ce, da wane tsari ya kamata in fara, kuma shin in ba su dokoki su haddace ne, ko akwai hanyar da ta fi wannan kama zuciya? Darasinmu minti 40 ne kacal, saboda haka ina son abin da zai yiwu a aikace.

Tsohon malami, Gwale

Wa'alaikumus salam, 'yata. Allah ya yi wa aikinki albarka. Na daɗe ina riƙe da alli kafin na yi ritaya, kuma babu ɗaya daga cikin jimlolin da kika kawo da ban taɓa gani ba. Abin da nake so ki fara lura da shi shi ne, mafi yawansu tushensu ɗaya: yarinya tana gina jimlar da Hausa a zuciyarta, sannan ta bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya tana musanya su da na Turanci. Muddin ba a nuna mata inda ginin harsunan biyu ya sha bamban ba, jan biro ba zai raba ta da kuskuren ba.

Hausa ba ta da sifofi na asali masu yawa. Akwai babba da ƙarami, sabo da tsoho, dogo da gajere, fari da baƙi da ja, da wasu 'yan kaɗan. Sauran halayen abubuwa da suna muke bayyana su, domin kyau da wuya da tsada da nauyi da daɗi duk sunaye ne a nahawunmu, shi ya sa muke cewa abu yana da wuya, ko mu ce atamfa mai tsada. Yarinyar da ta rubuta "The exam has difficult" ba shirme ta yi ba, "jarrabawar tana da wuya" ta ɗauko daidai wa daida. Akwai kuma hanya ta uku, wato aikatau: na gaji, ta ƙoshi, ya tsufa, shayi ya huce. Daga nan "I have tired" ta fito. To, duk waɗannan hanyoyi uku na Hausa, Turanci yakan tattara su ya bi da su ta hanya guda, wato "is" ko "am" ko "are" sannan sifa ta biyo baya: "The exam is difficult", "I am tired", "She is full", "The tea is cold". Har ma abin da muke cewa muna ji, kamar yunwa da ƙishirwa da tsoro da kunya, nan yake faɗawa: "I am hungry", "I am thirsty", "She is shy".

Da ni ne a ajinki, da wannan zan fara, kuma ba zan gaggauta barinsa ba. Ki raba allo biyu, ki rubuta jimlolin Hausa a gefe ɗaya, irin waɗanda yaran ke faɗa kullum, kamar "kuɗin adaidaita sahu ya yi tsada" ko "hanyar Kabuga tana da cunkoso da safe", sannan ki kafa sharaɗi cewa a wannan darasin ba a yarda kowa ta yi amfani da "has" ko "have" ba. Za ki ga suna ɗan tsayawa suna nema, kuma wannan tsayawar ita ake so. Idan abin ya zauna, sai ki cire "is" ki sa 'yan uwanta a gurbinta, wato "look", "seem", "feel", "taste", "smell", "sound", "become" da "get". Dukansu sifa suke ɗauka kai tsaye: "You look tired", "The food smells good", "It is getting dark". Ki ja kunnensu a nan, domin masu ƙoƙari daga cikinsu ne suke cewa "She looks beautifully", suna zaton kowane aikatau bayanau yake bukata, wato kalmar da ke faɗin yadda aka yi abu, irin "beautifully".

Batun "more taller" ma daga gida ya taso. Mu da aikatau "fi" muke kwatanta abu biyu, mu ce Kasuwar Kurmi ta fi Kantin Kwari daɗewa. Yaro yana neman kalmar da za ta tsaya a madadin "fi", sai ya samu "more", ya riƙa liƙa ta ko'ina, har inda an riga an sa "-er". Ki nuna musu cewa gajeriyar sifa mai gaɓa ɗaya "-er" take ɗauka, doguwa kuma "more", kuma ba a haɗa su biyun: "Kurmi Market is older than Kantin Kwari", amma "Lace is more expensive than cotton". Inda muke cewa abu ya kai wani, Turanci "as" biyu yake sawa sifar ta zauna a tsakani, kamar "She is as tall as her mother", inda kuma muke cewa bai kai ba, sai a ce "not as tall as". Kada ki manta da "good, better, best" da "bad, worse, worst", waɗanda ba sa bin doka, haka kuma bayan "one of the" sunan jam'i yake zuwa: "Dawanau is one of the largest grain markets in West Africa".

Ki kuma kwantar musu da hankali da wani abu guda. Mu muna cewa farin gida, farar mota, fararen motoci, sifar tana sauyawa da jinsi da adadi, amma "white" ɗaya ce a duka ukun. Yaron da ya iya wannan sauyin tun yana goye ba zai kasa koyon abin da ya fi shi sauƙi ba.

Ɗan kasuwa, Kantin Kwari

Salamu alaikum. Ni ba malami ba ne, Malama, yadi da shadda nake sayarwa, amma kusan kullum sai na rubuta saƙon Turanci ta WhatsApp ga masu turo mana kaya daga Sin da Indiya, don haka ina da abin cewa a kan "too" ɗin da kika ambata. A aji maki yake ci, a kasuwa kuwa kuɗi yake ci.

Akwai wani yaron shago a layinmu da aka turo wa maigidansa samfurin yadi, launin ya burge su ƙwarai, sai ya rubuta wa kamfanin cewa "The colour is too bright". Shi a ransa yabo ya yi, yana nufin launin ya fito sosai. Su kuwa can suka fahimci ƙorafi ne, da kayan suka iso sai ga launi a dushe, ba irin wanda matan Kano ke nema ba, aka daɗe ana fama kafin a rabu da dilolin. Tun daga lokacin nake gaya wa yarana cewa "very" tana ƙara wa abu ƙarfi ne kawai, ita kuwa "too" cewa take yi abin ya yi yawa har ya ɓaci. Idan na ce "The price is very high", ina iya saye duk da haka. Idan na ce "The price is too high", ciniki bai faɗa ba ke nan.

Jimlolin da suka fi yi mini aiki ba su da yawa, kuma ina ganin za su yi wa ɗalibanki amfani. Akwai "too" da "to" a tare, kamar "This material is too heavy to wear in April", wanda duk wanda ya san zafin Kano a watan Afrilu zai gane nan take. Akwai "enough", wadda take zuwa bayan sifa ba gabanta ba: "The cloth is not wide enough", ba "enough wide" ba. Akwai kuma inda ake sa abu a tsakiya sifa ta biyo shi, kamar "Keep the goods dry" da "Make the colour darker". Waɗannan ban haddace su a matsayin doka ba, jimla sukutum na riƙe, idan bukata ta zo sai in cire kalma ɗaya in sa wata. Ita kuma "sweet", a wurin Bature zaƙi take nufi, irin na sukari da zuma. Miyar kuka ba ta da zaƙi, daɗi gare ta, saboda haka "delicious" ko "tasty" ya kamata yaran su ce.

Ɗalibar nazarin Turanci, Jami'ar Bayero

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, bayaninka ya warware mini abubuwan da na daɗe ina gani ban san tushensu ba, haka ma misalin Alhaji. Anti Malama, ina so in taɓa sauran ukun da ba a kai gare su ba, kuma a ɗaya daga ciki ra'ayina ya saɓa da yadda aka saba koyarwa.

Na farko shi ne "I am boring". Turanci yana da sifofi masu zuwa tagwaye, ɗaya ta ƙare da "-ed", ɗaya da "-ing": "bored" da "boring", "interested" da "interesting", "confused" da "confusing", "tired" da "tiring". Mai "-ed" tana faɗin abin da mutum yake ji a ransa, mai "-ing" kuma tana siffanta abin da ya jawo masa jin hakan. Hanyar da na ga ta fi shiga ita ce a haɗa su cikin jimla guda, yarinya ta ce "The lesson is boring, so I am bored", ko "The journey to Abuja was tiring, so we were tired". Idan kuma aka gaya mata sau ɗaya cewa "I am boring" na nufin ita ce take gundurar mutane, da wuya ta sake faɗa.

Na biyu shi ne ƙananan kalmomin da ke bin sifa, irin su "at" da "of" da "in" da "to". A nan babu wata dokar da za ta cece mu, domin kowace sifa da abokiyar tafiyarta, kuma Hausa takan ja mu zuwa wata daban. Muna cewa ta bambanta da wancan, ta yi aure da wane, yana alfahari da ɗansa, sai "da" ɗin nan ta sa yaro ya rubuta "different with" da "married with" da "proud with", alhali abin da ake cewa shi ne "different from", "married to", "proud of". Haka "good at", "afraid of", "interested in", "responsible for", "famous for". Shawarata ita ce kada a sake rubuta sifa ita kaɗai a littafin kalmomi. A rubuta ta da abokiyarta da cikakkiyar jimla, kamar "Kano is famous for its dye pits", yarinya tana karantawa tana ganin marinar Ƙofar Mata a idonta. A kuma nuna musu cewa idan aikatau ne ya biyo bayan ƙaramar kalmar, "-ing" yake ɗauka: "good at cooking", "afraid of failing". Kowane ƙamus na masu koyon Turanci yana nuna wannan a ƙarƙashin kalmar, kuma da yawa suna nan kyauta a waya, sai dai ɗalibai ma'ana kawai suke dubawa su rufe.

Na uku shi ne jerin sifofi, wato "a cotton white new hijab". Littattafan nahawu suna kawo jeri: ra'ayi, girma, shekaru, siffa, launi, asali, abin da aka yi abu da shi, sannan amfaninsa. Jerin gaskiya ne, shi ya sa ake cewa "a new white cotton hijab" ko "a beautiful old leather bag". Amma ni ban ga amfanin sa yara su haddace matakai takwas suna rerawa ba, domin da wuya ka ji mai jin Turanci ya tara sifofi fiye da biyu ko uku a gaban suna ɗaya. Ya ishe su su san cewa abin da yake ra'ayin mai magana ne shi ke fara zuwa, abin da yake jikin kayan kuma, kamar auduga ko fata ko ƙarfe, shi ke manne da sunan. Lokacin da za a ɓata wajen haddar jerin, gara a ba wa "-ed" da "-ing", waɗanda suke sauya ma'ana ɗungurungum.

Zan ƙara da cewa "too sweet" da makamantansu sun zama ruwan dare a Turancin da ake yi a Najeriya, kuma kowa yana gane su a titi. Bai kamata a sa yarinya ta ji kunyar yadda iyayenta da maƙwabtanta ke magana ba. A gaya mata kawai cewa mai duba takardar jarrabawa, da baƙon da bai san mu ba, wata ma'anar za su ɗauka.

Malamar Turanci, Ɗorayi

Na gode ƙwarai, Baba Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Alhaji, Allah ya sa albarka a kasuwa, kuma da izininka zan ba ɗalibaina labarin yadin nan. Ƙanwata, na karɓi shawararki a kan jerin sifofi, ko da yake zan koyar da shi a taƙaice, tunda yakan fito a tambayoyin zaɓi na WAEC da JAMB, inda ake jera sifofi uku ko huɗu a ce a zaɓi tsarin da ya dace.

Saura abu biyu, Baba Malam. Yarana suna rubuta "an afraid girl" da "the asleep baby", kuma kunnena yana gaya mini ba daidai ba ne, amma ina son dalilin da zan ba su. Sannan a insha'i suna yawan fara jimla da "Is good to" ko "Is important that", ba tare da sun sa komai kafin "Is" ba.

Tsohon malami, Gwale

Kunnenki bai yaudare ki ba, 'yata. Mafi yawan sifofin Turanci suna zama a wuri biyu, gaban suna ko bayan "is" da 'yan uwanta, amma akwai 'yan kaɗan da wuri ɗaya kawai suka yarda da shi. Waɗanda suka fara da "a-", irin su "afraid", "asleep", "awake", "alive" da "alone", ba sa shiga gaban suna. Ana cewa "The girl is afraid" da "The baby is asleep", idan kuma dole sai an sa sifa a gaban sunan, sai a nemo wata: "a frightened girl", "a sleeping baby". Akwai kuma masu akasin haka, kamar "main" da "former", waɗanda gaban suna kaɗai suke zama, shi ya sa ake cewa "the main gate" amma ba a cewa "the gate is main". Ki haɗa musu da "something" da "nothing" da "anything", waɗanda sifa take bin bayansu, kamar "something new" da "nothing serious". Wannan ba zai ba su wuya ba, tunda mu ma wani abu sabo muke cewa.

Tambayarki ta biyu ta fi muhimmanci, domin a kanta insha'in muhawara da na bayani suke tafiya. Jimlar Turanci ba ta tsayawa babu wani abu a gaban aikatau, saboda haka ko da babu wanda ake magana a kansa sai an ajiye "It" ta riƙe gurbin. Yaran suna jin "it's" a baki kamar "is", sai su rubuta abin da kunnensu ya ba su. Ki ba su wannan gini su yi ta zuba kalmomi a ciki har ya zame musu jiki: "It is important to educate girls", "It is difficult for farmers to buy fertiliser", "It is clear that prices are rising". Akwai bambanci tsakanin "for" da "of" a nan wanda ɗalibai kaɗan ne suka san shi. Idan ana faɗin yadda abu yake ga mutum, "for" ake sawa, idan kuwa halin mutumin ake yabo ko zargi, sai "of": "It was kind of you to visit us", "It was careless of him to leave the door open". Daga nan sai ki wuce zuwa inda mutum ne a farkon jimlar, kamar "I am happy to inform you" da "I am sorry to hear that you are ill" da "We are sure that you will help us", waɗanda babu wasiƙar da za su rubuta a jarrabawa ba su bukace su ba.

Game da minti 40 ɗinki, kada ki haɗa gini biyu a darasi ɗaya. Ki ɗauki guda, ki bayyana shi cikin minti goma, sauran lokacin kuma na baki ne: kowace yarinya ta miƙe ta faɗi jimlarta a kan gidansu ko unguwarsu ko hanyar da ta biyo zuwa makaranta, ta kusa da ita ta maimaita da wata sifar. Rubutu ya zama aikin gida, jimla biyar kacal, domin ki iya dubawa da kyau. Insha'in WAEC kalmomi wajen 450 ake nema, kuma ana ba da maki a kan ingancin jimla daban da na abin da aka faɗa, saboda haka yarinyar da ta riƙe gine-gine shida ko bakwai da kyau za ta fi wadda ta cika takarda da manyan kalmomin da ba su zauna ba. Idan kin gama zagayen farko, ki ɗauko tsofaffin littattafansu na insha'i, ki ba kowace nata ba tare da kin nuna mata inda kuskuren yake ba, ki ce ta nemo jimla uku ta gyara da kanta. Ki dawo ki gaya mana waɗanda suka fi ba su wuya, sai mu san inda za mu ƙara bayani.